Hannu Biyu a Jaka, Murfi a Kan Tebur

"…da maigidan, da yaran, duk lafiya? To madalla. Amma ke wace irin matar gida ce, baƙuwa ta yi sallama sau uku ko motsi ba ki yi ba?"

"Lafiya lau. Shigo ki rufe ƙofa, kuma kar ki taɓa komai."

Ungozoma ta tsaya a bakin kicin da jakarta a kafaɗa, ta ƙare wa taubashiyarta kallo. Uwar Tsari na zaune a gaban tebur, hannayenta biyu cuse har gwiwa cikin wata baƙar jaka mai hannuwa irin na riga, gumi na bin gefen fuskarta yana ɗiga ta haɓa. Malamar kimiyya ce a makarantar sakandare, kuma ba a banza dangi suka laƙaba mata wannan suna ba, don ko gwangwanin gishirin gidanta da takarda manne a jiki an rubuta "gishiri". Babanta da mahaifiyar Ungozoma ciki ɗaya suka fito. Tun suna rarrafe ba a taɓa jin kalma mai daɗi ta shiga tsakanin su biyun nan ba, kuma ba a taɓa ganin sun yi fushi da juna ba.

A gefen wurin wanke-wanke injin wanke fim yana ta gurnani a hankali. Bai fi keken ɗinki girma ba. Shi ke ɗumama ruwan magungunan da kansa, ya zuba, ya juya, ya zubar, ya ɗauraye. Abu ɗaya ne kawai ba ya yi wa mutum: naɗa fim a kwarkwaronsa a cikin duhu, a saka a gwangwani, a rufe. Wannan aikin hannu ne, kuma shi ake yi a cikin baƙar jakar.

"Na zo karɓar hoton uwata," in ji Ungozoma. "Gobe da safe za ta tashi, ta ce a saman akwati za ta sa shi. Ina yake?"

"Yana hanya."

"Wace hanya? Kwana shida! Mace ta fara naƙuda jiya da yamma, yau ɗanta har ya sha nono ya yi barci. Ke hoto ɗaya ya gagare ki."

"Ke da kike karɓar abin da wasu suka sha wahalarsa wata tara, me kika sani game da aiki?"

"Na san in an kira waya ana ɗauka. Sau uku na kira ki."

"Ina aiki."

"Aiki ko ɗauri? Wa ya ɗaure ki, in je in yi masa godiya?"

Uwar Tsari ta sha kunu. Shekara tara babanta, tsohon kafinta, ba ya magana da ƙanwarsa Gwaggo, a kan wata magana da yanzu ba mai iya maimaita ta daidai. Ranar Lahadin da ta wuce Gwaggo ta wanke ƙafa ta je shagonsa yin bankwana, domin za ta koma wurin babban ɗanta a wata ƙasa mai nisa, kuma da shekarunta kowa ya san ba tafiyar dawowa nan kusa ba ce. Suka zauna a benci ɗaya. 'Ya'ya da jikoki kowa ya zaro waya, sai Uwar Tsari ta ɗaga hannu ta ce duk a mai da aljihu, ranar nan ta fi ƙarfin hoton waya, ita za ta ɗauka da kyamarar gaske. Aka mai da wayoyi. Ta danna sau ɗaya, tsohon ya ce ya isa haka, ya miƙe. Hoton nan guda ɗaya shi ne yanzu a hannunta cikin jaka, a tsakiyar wani dogon fim da ta riga ta zare daga gidansa.

Ungozoma ta ajiye jakarta, ta buɗe firji ba tare da an ce mata bismilla ba, ta tsiyaya ruwa. Tana sha idonta ya faɗa kan wani baƙin abu mai faɗi a tsakiyar tebur. Ta ɗauka ta jujjuya.

"Wannan fa, murfin wace tukunya ce?"

Uwar Tsari ta ƙura wa rufi ido.

"Malama, tambaya nake. Ɗaliba ta ɗaga hannu."

"Murfin gwangwanin fim ne."

"Gwangwanin yana ina?"

"Cikin jaka."

"Fim ɗin fa?"

"Cikin jaka."

"Shi kuma murfin yana…" Ungozoma ta kalli murfin, ta kalli jakar, ta kalli fuskar taubashiyarta. Sai ta ajiye kofi a hankali don kar ta ƙware, ta dafa bango, ta fashe da dariya har da durƙusawa. "Wayyo cikina! Uwar Tsari! Mai rubuta wa gishiri suna! Kin shiga da kowa da kowa kin bar maigida a waje!"

"Yi ki gama."

"Ba zan gama yau ba. Tun yaushe kike zaune haka?"

"Minti arba'in."

"Ina maigidan?"

"Na ce ya fita da yara don kar a dame ni."

"To ai ba a dame ki ba. Allah ya karɓi addu'arki." Ta zaro waya daga aljihu. "Ɗan ɗago haɓa. Bari in ɗauke ki da abin nan da kika ce ba hoto yake yi ba. Kin ga, har ya fito. Babu ruwa, babu magani, babu murfi."

"In kika tura wa wani, wallahi sai na gaya wa mijinki ke kika ƙona masa rigar nan da kika ce wanki ne ya cinye."

"Gaya masa. Da wane hannun za ki kira shi?"

Uwar Tsari ta kau da kai. Tun tana yarinya ba ta taɓa barin 'yar Gwaggo ta yi maganar ƙarshe ba sai yau.

"To buɗe zif ɗin in jefa miki mana," in ji Ungozoma tana share hawaye.

"Ki buɗe ki kashe shi? Haske ko na ƙiftawar ido ya taɓa fim ɗin nan, shi ke nan, babu Gwaggo, babu Baba, babu benci."

"Zare hannu ɗaya in tura ta nan."

"Bakin robar hannun jakar ya yi wa murfin kaɗan. In na zare kuma haske zai bi hannuna." Muryarta ta sauka. "'Yar Gwaggo, hannuna gumi yake yi. Kwarkwaron ya jiƙe, fim ɗin ya ƙi shiga, ya fara danƙo. In ya manne da juna ba ni da abin da zan ce wa Gwaggo gobe. Ni na hana kowa ɗauka."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Ungozoma. Ta mai da waya aljihu, ta naɗe hannun riga, ta je famfo ta wanke hannu har gwiwa yadda ta saba a asibiti.

"Ina ne babu taga a gidan nan?"

"Sito. Nan bayana."

"Tun ɗazu sito na bayanki kika zauna kina kallon murfi?"

"Da haƙori zan buɗe ƙofar? Da haƙori zan toshe kafofin?"

"Da bakin nan naki ai ko katanga kya rushe."

Ta buɗe siton ta fara fitar da kaya: buhun shinkafa, bokiti biyu, tsintsiya, tsohon keken yara. Kowanne ta ɗauko sai ta karanta takardar da ke jikinsa da ƙarfi, da muryar mai karanta labarai. Ta kwaso tawul daga banɗaki da bargo daga ɗakin yara. Uwar Tsari tana daga zaune tana ba da umarni da haɓa.

"Akwai wani kwarkwaron busasshe a kan kanta, da wani mataccen fim da nake koyo da shi. Ɗauko. Dole ki gwada a haske tukuna, don hannuna ba zai iya ba, ke za ki naɗa."

"Ni? Baiwar Allah da ba ta san aiki ba?"

"Ki riƙe fim ta gefe-gefe, kar ki taɓa cikinsa. Ki sa bakinsa ƙarƙashin 'yan kunnuwan nan biyu. Sai ki riƙa murza ɓarin dama gaba da baya, shi zai ja kansa. Ni sai da na yi mako biyu kafin na iya, don haka kar ki ji kunya in…"

Ƙarat, ƙarat, ƙarat. Fim ya shige tsaf.

"Haka?"

"Sa'a ce. Rufe ido ki sake."

Ungozoma ta rufe ido, ta juya fuska wajen rufi, ta sake. Ƙarat, ƙarat, ƙarat.

"Mako biyu kika ce? Da hutun ƙarshen mako ko babu?"

"Kan mage ma in ya dace yana…" Uwar Tsari ta rasa ƙarshen maganar da ta ɗauko, ta yi tsaki. "Sa safar hannu, ki ɗauko almakashi da murfin. Murfin! Kar ki bar shi."

"Ni ba 'yar kawu ba ce. Shekara goma sha tara ina aiki inda ido ba ya gani, ban taɓa barin komai a inda bai kamata ba."

Uwar Tsari ta miƙe da jakar a gabanta, tana takawa a hankali, ƙafafunta duk sun yi tsami. Suka shiga siton, wuri ne da ba ya ɗaukar mutum biyu sai sun haƙura da juna. Ungozoma ta ja ƙofa, ta cusa tawul a ƙasa.

"Agogonki," in ji Uwar Tsari. "Hannayensa suna haske. Da wayar. Fitar da su."

"Kin hana waya ranar Lahadi, kin hana yau. Me waya ta yi miki ne?"

Aka fitar. Aka sake rufewa. Suka tsaya har ido ya saba da duhu, sai ga wani siririn layin haske a saman ƙofa. Ungozoma ta yi ɗage ta rataya bargo a kan ƙusoshin da ake rataya tsintsiya, ta taka ƙafar taubashiyarta sau biyu, ta ce na biyun da gangan ne. Duhu ya rufe sosai, har mutum ba ya ganin tafin hannunsa.

"Buɗe zif," in ji Uwar Tsari. "Guda biyu ne, na waje da na ciki."

"Na buɗe. Innalillahi, wannan jaka ce ko tukunyar ruwan zafi? Ke, numfasa. Ja iska ta hanci, ki fitar ta baki. Kar ki yi nishi sai na ce."

"Ba haihuwa nake ba."

"Duk haka suke cewa. Saki. Na ce saki, na riƙe shi."

Sakin nan ya yi wa Uwar Tsari wuya fiye da zaman minti arba'in. Ba ta saba miƙa aikinta ga kowa ba. Ta buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta ji fim ɗin ya bar hannunta.

"Bakinsa ya lanƙwashe," in ji Ungozoma. "Shi ya sa ya ƙi shiga. Zan ɗan datse."

"A duhu? Kar ki yanke…"

"Na yanke cibiya wuta a ɗauke, uwa na ihu, kaka na salati a kunnena. Yaron nan yanzu yana ajinki, ki tambaye shi ko cibiyarsa ta karkace."

Ƙyas. Sannan ƙarat, ƙarat, ƙarat. Uwar Tsari na ƙirgawa a zuci. A na goma sha ɗaya ƙarar ta tsaya.

"Ya tsaya," in ji Ungozoma.

"Kar ki ja! Don Allah kar ki ja!"

"Wa ya ce miki ja ake yi? Lallashi ake yi. Yi mini shiru."

Uwar Tsari ta jingina da bango ta rufe ido, ko da yake rufewar da buɗewar duk ɗaya ne. Tana jin numfashin taubashiyarta a natse, tana jin yatsunta na bin gefen fim ɗin a hankali, tana ɗan mai da shi baya, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa: "Haba ɗan albarka, saura kaɗan, juyo mini nan." A cikin duhun nan, inda ba mai ganin fuskarta, Uwar Tsari ta gode wa Allah da ya sa wannan fitinanniyar ce ta turo ƙofa ba wani ba. Ta ji ƙaunarta ta cika mata ƙirji, har ta ji kunyar kanta.

Ƙarat. Ƙarat, ƙarat, ƙarat.

"Ya shige duka. Miƙo gwangwani." Aka ji ɗan ƙwaram, sannan murfi ya ce ƙyat. "Namiji ne ko mace, sai an wanke za a gani."

Suka fito suna ƙifta ido, gumi sharkaf. Uwar Tsari ta ɗora gwangwanin a bakin injin, ta duba zafin ruwa ya tsaya daidai digiri talatin da takwas, ta danna maɓalli. Injin ya zuƙi maganin farko ya fara juya gwangwanin, dama, hagu, dama, hagu.

"Yanzu me za ki yi?" in ji Ungozoma.

"Jira. Minti uku da kwata zai zubar da wannan ya zuba na biyu. Shi ya san lokacinsa."

"Tsaya in gane. Ni na naɗa, shi yana wankewa. To ke mene ne aikinki a gidan nan?"

"Ni na saya."

"Ai ko. Da kin bar mu da wayoyinmu, da yanzu hoton uwata ya zaga dangi sau bakwai."

"Ya zaga ya ɓace. Ina hoton sunan ɗanki na fari?"

"Yana tsohuwar wayata."

"Tsohuwar wayar tana ina?"

"Ta faɗa bokiti." Ungozoma ta harare ta. "Hannu ya fito daga jaka, baki ya dawo ko?"

Da injin ya yi ƙara ya tsaya, Uwar Tsari ta buɗe gwangwanin, ta warware fim ɗin a gaban taga. Dogo ne, launin ruwan shayi, da 'yan murabba'ai jere reras. Babu wanda ya manne, babu wanda haske ya ci. Ta bi su da ido har ta kai kan benci da mutum biyu. Ta zauna a kan buhun shinkafar da ke tsakar kicin.

Ungozoma ta leƙo ta kafaɗarta. "Wannan ce uwata? Haƙora baƙi, mayafi kore? Shekara saba'in tana mutum, kin mai da ita abin tsorata yara."

"Nagetif ne, komai a juye yake. Bari ya bushe."

Suka rataye shi a banɗaki, suka mai da kayan sito, suka sha shayi. Ungozoma ta ce shayin ruwa ne aka nuna wa ganye daga nesa, ta kuma sha kofi biyu. Da fim ya bushe, Uwar Tsari ta yanka shi gida shida-shida, ta sa wanda ake nema a sikana, na'urar da ke kwafe hoto zuwa kwamfuta. Hoton ya fara sauka a fuskar kwamfuta daga sama zuwa ƙasa.

Bangon shago ya fara fitowa, da zarto da guduma a rataye. Sai hular tsohon. Sai fuskokinsu. Ashe a daidai lokacin da ta danna babu mai kallon kyamara a cikinsu. Gwaggo ta miƙa hannu tana cire wa yayanta ɓawon katako daga gemu, bakinta a buɗe tana yi masa faɗa, shi kuma ya miƙa mata haɓar ya lumshe ido yana dariya. Duk waɗanda suka tsaya a shagon ranar nan babu wanda ya lura da wannan.

Uwar Tsari ta jira zagi. Ba ta ji komai ba. Ta waiga ta ga Ungozoma ta dafa bayan kujera da hannu biyu, idonta a kan allon.

"Zan buga biyu manya," in ji Uwar Tsari a hankali. "Na Gwaggo da na Baba."

"Buga uku."

"Na ukun na wa?"

"Daga gobe ni ma a hoto zan riƙa ganinta."

Uwar Tsari ta ɗago ta kalle ta. Kwana shida tana tunanin Gwaggo da Baba da kunyar da za ta sha, bai taɓa zo mata ba cewa mai zaginta ɗin nan uwa za ta rabu da ita. Ta buga uku. Sannan ta zare yankin nagetif ɗin daga sikana, ta zura shi a rigarsa ta leda, ta kamo hannun taubashiyarta ta ɗora mata a tafi.

"Takarda ko ɗari ana bugawa. Wannan shi ne asalin, guda ɗaya ne a duniya. Ke kika karɓe shi, ke za ki riƙe. Na gode, 'yar Gwaggo. Yau kin ci ni, ba ni da ta cewa."

Ungozoma ta kalli abin da ke hannunta, ta ja hanci, ta goge ido da bayan hannu. Sai dariya ta ƙwace mata tare da hawayen.

"Maimaita," ta ce. "Kunnena na hagu bai ji ba."